Tarihin Alhaji Mamman Shata, Mawaƙi Kuma Ɗan Siyasar Funtuwa, da Yadda Garuruwa Huɗu Suka Raba Shi

Muna farawa da sunan Allah, Sarkin da mulkinsa ba ya gushewa, wanda ya ƙaddara wa kowane mai rai kwanakinsa da abincinsa da wurin kwanciyarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi hanyarsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ya ku fatake da 'yan kasuwa, yau za mu ba ku labarin Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa. Mun sani wani malami zai ɗaga kai daga allo ya yi mamakin abin da ya kawo mai kalangu cikin wannan shafi. To, a yi mana haƙuri, dalilanmu uku ne. Na farko, kafin a san shi da waƙa ɗan kasuwa ne, ya ɗauki faifan goro a ka kamar yadda da yawa daga cikinku suka ɗauka. Na biyu, mutane sun riƙe waƙarsa sun manta da siyasarsa, alhali kuwa ya tsaya zaɓe ya ci, ya yi kansila, ya kuma shugabanci jam'iyya a Funtuwa har aka sauke shi. Na uku, wanda shi ne babba, ƙarshen rayuwarsa tafsiri ne a aikace ga abin da masu karatu suka sani a ƙarshen Suratu Luƙman, game da abubuwan nan biyar da Allah ya keɓe wa kansa saninsu, waɗanda a cikinsu akwai sanin ƙasar da ajalin bawa zai same shi.

Garuruwa huɗu ne suka raba mutumin nan. Musawa ta haife shi, Funtuwa ta riƙe shi kusan shekara 40, Kano ta karɓi ransa, Daura ta karɓi gawarsa. A cikin huɗun nan biyu kaɗai ya sa baki, watau wurin zama da wurin kabari. Sauran biyun ba a shawarce shi ba.

Asalinsa da Tashinsa

An haifi Muhammadu a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923 ta Miladiyya, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, shekara 20 bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro. Mahaifiyarsa kuwa daga Fulanin nan ce da ake kira Fulata Barno, waɗanda kakanninsu suka taso daga gabas suka zauna a sassan ƙasar Hausa. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Wannan kuwa abin lura ne, domin a ƙasarmu ta da kowace sana'a da gidanta: ɗan maƙeri ya gaji uwar maƙera, ɗan marini ya gaji karofi, ɗan makaɗi ya gaji ganga. Wanda ya bar sana'ar gidansu ya shiga roƙo, ana ganin ya zubar da girman iyayensa. Saboda haka mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba, ya kuwa nuna ƙinsa a fili.

An sa shi makarantar allo kamar sauran yaran Musulmi. Da ya tasa sai ya shiga tallan goro. Masu wannan sana'a sun san ba ta rago ba ce. Goro ɗan sarauta ne, ba ya son rana, ba ya son iska, kullum sai an buɗe huhu an yayyafa ruwa an tsince wanda ya fara lalacewa, in ba haka ba ɗaya ya ɓata ƙwarya. Mai tallansa kuma sai ya san marsa daga minu, ya san wanda zai ba bashi da wanda zai hana, ya san kasuwar da take ci yau da wadda za ta ci gobe. Daga goro ya koma tallan alewa, yana bin kasuwannin ƙauye da dandalin samari da 'yan mata. A nan ne baiwarsa ta fito. Yana kiran masu saye da waƙa, sai ya zamana mutane sun fi taruwa don muryar bisa ga alewar. Laƙabin Shata kuwa wani dattijo ne daga danginsa ya sa masa tun yana yaro, sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Ku lura da wannan tashin, domin shi ne tushen siyasarsa. Yaron da ya yi yawon talla ya ga yadda ake karɓar haraji da jangali, ya ga yadda dogari yake shiga kasuwa, ya ga yadda talaka yake durƙusawa a gefen hanya in hakimi zai wuce. Abin da ido ya gani da ƙuruciya ba ya fita daga zuciya ko da an yi arziki.

Daga Bakori Zuwa Funtuwa

Da waƙa ta rinjayi talla, sai ya bar gida ya sauka Bakori, garin da yake kan hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Malumfashi. Abin da ya ja shi can shi ne wani ɗan sarautar Musawa, Abdullahi Inde, wanda yake aikin En'e a wurin, yana kula da cinikin auduga da gyaɗa. Shi ne ubangidansa na farko. A Bakori ya yi aurensa na fari, a can kuma ya tara makaɗan kalangu da 'yan amshi, ya fara bin gidajen sarauta da na masu hali a ƙasashen Katsina da Zazzau da Kano.

Ya kamata mu tsaya kaɗan mu faɗi irin ƙasar da ya sauka, don wanda bai san ta ba. Kudancin Katsina, daga Malumfashi da Ƙafur zuwa Bakori da Danja da Funtuwa da Faskari, ƙasa ce mai laka da yawan ruwan sama, ta fi arewacin lardin ni'ima. Dawa da masara suna yi, amma abin da ya ɗaga sunanta a zamanin Turawa shi ne auduga. An kafa gonar gwajin iri a Daudawa, kamfanin BCGA kuma, wanda mutane suka mai da shi Bisije, ya kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta wuce Gusau, ta isa Ƙaurar Namoda a 1929. Da kaka ta yi, sai ka ga jakuna da amalanke da manyan motoci sun yi jerin gwano zuwa fuloti, malamin awo yana duba kyawunta yana ba ta daraja, ana ɗora ta a sikeli, ana biyan manomi kuɗi a hannu. Kuɗin nan su ne na haraji, su ne na aure, su ne na sabuwar riga, su ne kuma abin da yake faɗawa hannun makaɗa a wajen biki. Wanda ya san wannan ya san dalilin da ya sa mawaƙi zai zaɓi wannan yanki.

A shekarar 1952 aka yi babban bikin 'ya'yan sarki a birnin Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Makaɗa sun taru daga ko'ina, amma daga wannan biki ne sunan Shata ya cika birni. Sa'an nan ga rediyo da faifan garmaho sun zo, suka kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, har zangon Hausawa na Kumasi da Ankara a ƙasar Gana, da Maraɗi da Damagaram a ƙasar Nijar.

A shekarar 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, ya tare a Funtuwa. Funtuwa gari ne na baƙi, mahaɗar hanyoyi: ta Zariya, ta Sakkwato, ta Katsina da Kano, da ta Birnin Gwari. Sarkin Maska ne hakiminta, amma yawancin mazaunanta zuwa suka yi, wani don auduga, wani don jirgi, wani don mota. A irin wannan gari ba a cika tambayar mutum gidan da ya fito ba, sai dai abin da ya iya. Ya dace da mutumin da ya ƙi gadon gidansu ya kafa nasa. Ko da yake yana da gida a Kano, yana kuma yawan tafiya har Ingila da Amurka, Funtuwa ce gida har ƙarshen ransa.

Ba za mu ɓoye ba, a cikin waƙoƙinsa akwai na zambo da na shagala waɗanda malamai suka ƙi, ƙinsu kuwa yana da hujja. Ba a san shi da da'awar malanta ba. Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen: ya yi wa manoma waƙa, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa, ya ƙarfafa zukatan soja a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi gargaɗi ga malalata, ya kuma je Makka ya sauke farali. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988.

Siyasarsa

To, yanzu mun zo ga abin da ya sa muka ɗauko labarin. Mawaƙi a ƙasar Hausa da bazar iyayen gida yake rawa. Iyayen gidan Shata kuwa sarakuna ne da hakimai da attajirai. Su suke ba da doki da riga da mota. Babbansu shi ne Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya yi minista a gwamnatin Jihar Arewa yana Wamban Daura, sa'an nan ya hau gadon sarautar Daura a 1966. A zamanin siyasar farko irin waɗannan mutane suna cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. A ɗaya gefen kuma ga NEPU, jam'iyyar neman sawaba, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, mabiyanta kuwa 'yan tireda ne da teloli da mahauta da malaman zaure da manoma, waɗanda da yawansu suka sha ɗauri da bulala a kotunan En'e saboda ra'ayinsu.

Hankali zai ba mutum cewa wanda yake cin abincin fada zai bi ra'ayin fada. Amma Shata zuciyarsa ta karkata ga ɓangaren talakawa, ya kuma danganta wannan da irin gidan da ya fito. Bakinsa yana yabon sarki, ra'ayinsa yana tare da mai talla. Wannan ba ƙaramin hatsari ba ne ga mai sana'ar roƙo, domin ubangida yana iya rufe ƙofa, in kuwa ƙofofin fada suka rufu, kalangu ya yi shiru. Abin mamaki shi ne bai rasa iyayen gidansa ba, bai kuma sayar musu da ra'ayinsa ba. Ya raba tsakanin amanar mutum da biyayyar jam'iyya. Kun san a kasuwa ma haka take: kana iya cin bashin mutum shekara 20 kana biya a kan lokaci, ba tare da ka ba shi linzamin hankalinka ba.

Jam'iyyun farko sun mutu a 1966, bayan soja sun kashe Sardauna a gidansa na Kaduna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko a juyin mulkin 15 ga Janairu. Aka yi shekaru ba zaɓe. A 1976 gwamnatin soja ta yi gyaran ƙananan hukumomi, ta rushe tsarin En'e, ta mai da ikon gari hannun majalisar da jama'a za su zaɓa. Ba a yarda da jam'iyya a wannan zaɓe ba, kowa da sunansa ya tsaya. Shata ya koma ƙasar haihuwarsa ya tsaya, ya kuwa ci, ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa take ƙarƙashinta a lokacin, cikin Jihar Kaduna ta wancan zamani. Ku duba juyin zamani: yaron da aka yi wa faɗa don ya zama maroƙi, ga shi zaune a majalisa ana shawarar rijiya da makaranta da kuɗin kasuwa da shi.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, sai ya shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mutumin Barno, wanda ya shahara da kira ga siyasa marar gaba. Jihar Kaduna a wannan zamani ta ga rigima mai yawa. Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ne, majalisa kuwa NPN ce ta fi yawa a cikinta, har suka tsige shi a watan Yuni 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. A cikin wannan guguwa Shata ya bar GNPP ya koma NPN, jam'iyyar Shugaba Shehu Shagari, inda yawancin iyayen gidansa suke. Masu tarihi ba sa tsallake wannan, mu ma ba za mu tsallake ba: a nan mai ra'ayin talakawa ya zauna inuwa ɗaya da masu mulki. Amma zaman bai daɗe ba. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓi mulki, Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaba, NPN da GNPP da sauransu duka suka kwanta dama a dare ɗaya.

Ran 23 ga Satumba 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna. A 1989 kuma Janar Ibrahim Babangida ya ƙi yarda da jam'iyyun da 'yan siyasa suka kafa, ya ƙirƙiro biyu da kansa, SDP da NRC, gwamnati ta gina wa kowacce ofishi a kowace ƙaramar hukuma, aka ce kowa ya zaɓi ɗaya. Shata ya shiga SDP, wadda aka ce ita ce ta ɗan karkata ga talakawa. 'Yan jam'iyya a Funtuwa suka zaɓe shi ciyaman ɗinsu na ƙaramar hukuma. Wannan shi ne matsayi mafi girma da ya riƙe a siyasa, yana dattijo mai kusan shekara 70.

Jigon SDP a Jihar Katsina a wannan lokaci shi ne Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa mai ritaya, wanda ya yi mataimakin shugaban ƙasa na soja daga 1976 zuwa 1979, mutum mai dukiya da mabiya a duk faɗin Nijeriya, yana kuma neman shugabancin ƙasa. Ƙanensa Umaru Musa shi ne ya tsaya wa jam'iyyar takarar gwamna a Disamba 1991, Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi. Jam'iyya mai irin wannan jigo tana son ciyaman mai jin magana. Shata kuwa ya saba a fada ma ya faɗi abin da ya ga dama, a yi dariya a ba shi kyauta. Saɓani ya shiga tsakaninsa da Janar, aka taru aka sauke shi daga kujerar. A nan ya ga bambancin fada da jam'iyya. Sarki yana iya jure wa harshen mawaƙinsa shekara da shekaru, domin ya san amanarsa. Jam'iyya kuwa ƙuri'a take ƙirgawa, ba ta ƙirga tsohuwar zuma.

Ita ma SDP ba ta yi tsawon rai ba. An soke zaɓen fid da gwani na 1992 wanda Janar Shehu yake kan gaba a cikinsa, an soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, a watan Nuwamba na shekarar kuma Janar Sani Abacha ya rushe jam'iyyun biyu. Kun ga ke nan duk jam'iyyar da Shata ya shiga ta riga shi mutuwa, kowacce kuma da sanarwar soja a rediyo aka yi mata jana'iza.

Ciwonsa da Rasuwarsa

A ƙarshen shekarun 1990 jiki ya fara ƙi. Aka kwantar da shi a asibiti a Kano, sa'an nan aka kai shi Jidda ta ƙasar Makka, aka yi masa aiki, ya ɗan sami sauƙi ya dawo gida. Da yana da rabon kwanciya a ƙasa mai tsarki da a can ajali ya same shi, ga shi kusa da Harami, amma ba a rubuta haka ba. Ciwon ya hana shi shiga siyasar da ta kawo mulkin farar hula na 1999. Ran 29 ga Mayu aka rantsar da Olusegun Obasanjo a Abuja, aka rantsar da Umaru Musa 'Yar'aduwa gwamnan Katsina. Tsohon ciyaman na Funtuwa yana fama da jikinsa, ba a ji kalangunsa a wajen bikin ba.

Kwana 20 bayan wannan, ran Jumma'a 18 ga Yuni 1999, wanda ya yi daidai da farkon watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 1420 daga Hijira, Allah ya karɓi ransa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a birnin Kano, yana da shekara 76. Mai hankali zai lura da wannan: mutumin da zuciyarsa ta kasance tare da talakawa, a gidan da yake ɗauke da sunan jagoran talakawa ya cika. Ya bar matan aure uku da 'ya'ya da jikoki masu yawa.

Musawa tana da hujjar neman gawarsa, domin can aka binne cibiyarsa. Funtuwa tana da hujja, domin can iyalinsa da maƙwabtansa suke. Kano ma tana da hujja, domin sunna ita ce a gaggauta, ga shi kuwa a cikinta ya cika. Amma ya riga ya bar wasiyya a kai shi Daura, garin ubangidansa. Aka ɗauki gawar aka bi hanyar Kazaure, aka isa Daura, aka yi masa salla a ranar, Sarki Muhammadu Bashar yana cikin masu jana'iza, aka rufe shi a can. Jam'iyyu uku ya shiga, ba wadda ta raka shi kabari. Abin da ya raka shi shi ne amanar da ta fi shekara 30 tsakaninsa da mutum ɗaya. Sarkin ya rayu bayansa shekara bakwai da 'yan watanni, ya rasu a watan Fabrairu 2007.

Abokan Zamaninsa

Don kada a ce shi kaɗai ne, bari mu duba sauran waɗanda suka yi siyasa a wannan ƙasa tare da shi. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ƙarfinsa ya isa a sauke ciyaman a Funtuwa, an kama shi a watan Maris 1995, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mai da shi ɗauri. Ya rasu yana tsare a kurkukun Abakaliki, can ƙasar Ibo, ran 8 ga Disamba 1997, cikin watan Sha'aban 1418, yana da shekara 54, aka kawo gawarsa Katsina. Ya riga dattijon da ya girme shi da shekara 20 tafiya da shekara ɗaya da rabi. Ƙanensa Umaru ya kai inda wan bai kai ba, ya zama shugaban ƙasa a 2007. Shi ma an kai shi Jidda neman magani, ya dawo, ya rasu a fadar shugaban ƙasa a Abuja ran 5 ga Mayu 2010, aka rufe shi a Katsina. Wa a kurkuku, ƙane a fada, makara iri ɗaya ta ɗauke su.

A shekarar 2005 yankin nan ya yi rashi biyu. A farkon Janairu Funtuwa ta rasa Alhaji Wada Nas, wanda ya yi minista a zamanin Abacha. Ran 24 ga Satumba kuma Dakta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa kamar Shata, masanin tarihi wanda ya yi sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin PRP, ya rasu a Zariya. Shi jikan sarauta ne da ya zaɓi ɓangaren talakawa ta hanyar alƙalami, kamar yadda ɗan garinsu ya zaɓa ta hanyar murya. A Malumfashi kuwa, Galadiman Katsina Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya yi ministan shari'a na Jihar Arewa a gwamnatin Sardauna, ya kuma shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, Allah ya ja kwanansa har ya kusa shekara 90, ya rasu a asibiti a birnin Katsina ran 13 ga Afrilu 2019. Wani an ɗauke shi da ƙarfinsa, wani sai da ya ga jikokin jikokin abokansa. Ba wanda ya zaɓi ranarsa.

Rufewa

Ya ku 'yan'uwa, ba mu kawo wannan labari don mu wanke kowa ko mu tuhumi kowa ba. Duk sun riga mu gidan gaskiya, hisabinsu yana wurin wanda ba a ɓoye masa kome. An kuma hore mu da ambaton alherin matattu. Abin da muke so ɗan kasuwa ya ɗauka shi ne, kujerar siyasa kamar rumfar haya ce, yau kai ne ciki, gobe an ba wani, saboda haka kada ka ɓata da maƙwabcinka na shekara 30 don jam'iyyar da ba za ta kai shekara biyar ba. Abin da muke so malami ya ɗauka kuma shi ne, kada a raina mutum don sana'arsa, domin mai tallan alewa ya iya riƙe amana har bakin kabari, abin da ya gagari masu manyan riguna da yawa. Abin da ya shafe mu duka kuwa shi ne wasiyya. Shata ya faɗi inda yake so a kai shi tun yana da baki, shi ya sa ba a yi jayayya a kan gawarsa ba. Wanda ake bin sa bashi ya rubuta, wanda yake riƙe da ajiyar wani ya bayyana ta ga shaidu, domin mai fita fatauci da safe bai san garin da za a yi masa wanka ba.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya yafe masa kurakuransa, ya jiƙan duk waɗanda muka ambata da iyayenmu da malamanmu. Allah ya ba ƙasar Funtuwa da Malumfashi damina mai albarka da zaman lafiya, ya sa mu cika da kalmar shahada a duk ƙasar da ya ƙaddara mana. Amin. Wassalam.